Tsohuwar da Baba Gidiyon Ya Bar Mini

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau Hajiya Lubna ta kira ni ofis ta ɗora mini abin da ban roƙa ba.

Baba Gidiyon ya yanke jiki ya faɗi ranar Juma'a a bakin get. Hawan jini. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ba ta fita. Allah ya tashi kafaɗunsa, da zuciya ɗaya nake faɗa. Amma wai tankin kifin nan nasa da ke falon ofis ni zan riƙe har ya warke.

Na ce, "Hajiya, ni fa mai famfunan inji ne." Ta ce, "To shi ma ai ruwa ne da famfo, Malam Kamilu."

Shekara goma sha bakwai ina kula da ruwan da ke sanyaya injinan buga bokiti da buta a kamfanin nan na Sharaɗa, inji bai taɓa tsayawa don sakacina ba. Yau an mayar da ni mai raino.

Marigayi Alhaji, mahaifin Hajiya, shi ya kafa tankin. Tsawonsa ya kai gado. Ruwan gishiri ne irin na teku, gishirin ma a buhu ake aiko shi daga Legas. Kifi bakwai, duwatsu, sai murjani mai rai. Ni da a wuyan tsofaffi kawai na san murjani. A tsakiya akwai wata babba kamar ƙwarya a kife, kawuna arba'in da ɗaya gare ta, kowane kai da gashi kore mai laushi yana kaɗawa. Tsohuwa Baba Gidiyon yake ce mata. Tun tana kamar babban yatsa ya karɓe ta, shekara sha ɗaya ke nan. Kullum da safe sai ya gaishe ta da baki kamar mutum, ni kuma kullum sai na yi masa tsiya: mai kiwon duwatsu, yaya surukarka ta kwana? Sai ya yi dariya ya ce, "Injiniya, ba za ka gane ba."

Zan fita Hajiya ta ƙara da cewa, "Ba zan ɓoye maka ba, don Baba Gidiyon na bar tankin nan. In abin ciki ya mutu, a kwashe, in sa kantar samfur a wurin."

Ba ta ƙarasa ba, amma na ƙarasa mata a raina. Tun da ciwon gwiwa ya hana shi aikin cikin injina, tankin nan ne aikinsa. In babu tanki, babu abin da zai dawo ya tarar.

Talata, 8 ga Afrilu

Na buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin. Akwai wani ƙaramin tanki a ciki, ruwa na gangarowa daga sama ya tace, famfo ɗaya ya mayar da shi. Gefe guda na'urar sanyaya ruwa. A jikin gilashin sama kuma wasu ƙananan famfuna biyu kamar dunƙulen hannu, masu farfela, maganaɗisu ne ya riƙe su, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wannan ya tashi, wancan ya tsaya. Na ce lallai ɗayan ya fara lalacewa, tsohon bai ma lura ba.

A bayan ƙofar kabad ya manna takarda da rubutunsa: lokacin ba kifi abinci, zafin ruwa kada ya wuce ashirin da shida, in ruwa ya ragu a ƙara da tatacce marar gishiri. A ƙasa, da manyan baƙaƙe: KADA ƘARFE YA TAƁA RUWAN. Bai rubuta komai a kan famfo ba.

Na ɗauki Tsohuwa hoto. Gaskiya tana da kyau, in mutum ba shi da aikin yi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Wayoyin cikin kabad ɗin nan sun dame ni, a cukurkuɗe kamar taliya. Komai ya bi ta wani tsohon akwati mai gurnani kafin ya isa soket. Na cire akwatin, na jera wayoyi, na ɗaure su tsaf. Yanzu ya yi kama da aikin mai hankali.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Akwatin nan na daidaita wuta ne.

Ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta, janaretonmu ya karɓa da ƙarfi kamar yadda ya saba. Na shiga falo na ji ƙaurin roba. Ƙananan famfunan nan biyu sun ƙone. Na ƙasa da na'urar sanyi sun tsira, Allah ya rufa asiri. Na mayar da akwatin inda yake.

Na ce wa Hajiya wuta ce ta ƙona su. Ba ƙarya na yi ba. Ban dai faɗi wanda ya buɗe wa wutar ƙofa ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ruwan ya mutu. Famfon ƙasa yana zubo nasa a kusurwa ɗaya, sauran tankin tsit kamar randa. Gashin Tsohuwa ya langaɓe, datti na sauka a tsakanin kawunanta yana zama. Wani jan yauƙi ya fara shimfiɗa a kan yashi.

Tun jiya nake kan waya ina karanta yadda ake motsa ruwa a irin wannan tanki, har matata Badi'a ta ce ko na yi sabuwar budurwa ne. Hanyoyin da yawa, kowanne da masu rantsuwa da shi. Wasu sun ce a ƙara ƙarfin famfon ƙasa. Na auna bututun da ke gangaro da ruwa, ba zai haɗiye fiye da haka ba, sai dai in wanke wa Hajiya tayil da ruwan gishiri. Wasu suna huda gilashi su zagaya da bututu ta baya. Huda tanki cike da ruwa? Ban haukace ba. Wasu kuma bokiti suke ratayewa a sama, ya cika a hankali ya juye gaba ɗaya, kamar tankin bayan gida. Mu da muke buga bokiti dubu a yini, wannan ya ba ni dariya, amma na san fuskar da Hajiya za ta yi in baƙi suka shigo suka ji ana fulashin a falonta.

Saura irin waɗanda na ƙona. Na kira mai sayar da su a Legas. Babu a ƙasa, sai mako uku, ƙila huɗu.

Duk surutun nan, abu ɗaya suka haɗu a kai: ruwan tankin ya juya kamar sau ashirin a awa. To ai lissafi ne. Lita kaza a awa, shi ke nan. Famfo ɗaya mai ƙarfi zai yi abin da 'yan wasan yaran nan biyu suke yi, har ya fi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Mama Rahila, matar Baba Gidiyon, ta kira. An sallame su, suna gida a Dakata. Ta ce kalma uku yake iya fitarwa: sunanta, ruwa, da Tsohuwa. "Injiniya, ko motsa hannun nan da likita ya ce, sai na ce masa Tsohuwa na jiransa yake yarda ya yi. Don Allah turo mana hotonta."

Na tura na ranar Talata.

Talata, 15 ga Afrilu

Na je Challawa wajen Garba. Tare muka yi koyon aiki, yanzu yana wani kamfanin jima. Suna da famfunan tura sinadari, roba zalla, ba inda ƙarfe ke taɓa ruwa. Ya ara mini sabo fil a kwali wanda ba su fara aiki da shi ba. Ya tambaye ni na mene ne, na faɗa masa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Motocin fata sun cika hanya, warin ya biyo ni har Sharaɗa.

Na haɗa shi da bututun roba, ya ja ruwa daga dama ya feso daga hagu, saitin tsakiya inda dattin ya fi taruwa. Na kunna.

Kai! Cikin minti goma jan yauƙin nan ya tashi, datti ya bi ruwa, tankin ya yi gari sannan ya washe. Gashin Tsohuwa ya miƙe ɗoɗar zuwa dama. Hajiya ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki." Ban san lokacin da na ce a raina, Baba Gidiyon, shekara sha ɗaya kana lallaɓa abin da ake gamawa a yini ɗaya.

Laraba, 16 ga Afrilu

Tsohuwa ta janye gashinta daga ɓangaren hagu. Baƙunta ce, za ta saba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ba ta saba ba. Yashi ya tattaru a kusurwar dama ya yi tudu, gilashin ƙasa ya fito a hagu. Kifayen nan biyu masu ruwan lemo da ke kwana cikin gashinta sun koma bayan dutse. Zafin ruwa ashirin da tara, na'urar sanyi tun safe ba ta huta ba. Famfon Garba zafi yake zuba wa ruwan, ga zafin garin da kansa.

Sau tara na bar injina na shiga falo yau. Na ƙirga.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na dawo daga masallaci na tarar da fari. Kawuna huɗu na hagu, naman ya yage ya bar ƙashi fari fat mai kaifi kamar fasasshen tangaran. Ashe ƙarƙashin laushin nan wuƙaƙe ne, ruwana ya yi ta danna naman a kansu kwana uku ba hutu.

Na kashe famfon, na zauna a kujerar Baba Gidiyon, na tashi, na sake zama.

Asabar, 19 ga Afrilu

In na kunna ta yage. In na kashe datti ya zauna ta ruɓe. Na rage bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa rabi, na karkata bakin bututun sama: gaba na motsi, bayanta a mace. Na karkata ƙasa, yashi ya tashi ya rufe ta. Yini guda ina juya bututu kamar mai neman tasha a rediyo.

Kai na biyar ya fara wani ruwan ƙasa-ƙasa mai yauƙi. Na karanta cewa yana yaɗuwa, na zuƙe shi da sirinji.

Mama Rahila ta sake neman hoto. Na ɗauka ta ɓangaren dama, inda ba a ganin farin.

Abinci ba ya shiga. Badi'a ta ce, "Abban Hajjo, dutse ne fa." Na daka mata tsawa. Ni da bakina na shekara goma ina faɗar haka.

Litinin, 21 ga Afrilu

Hutun Ista, ba aiki. Na sayi lemo da kankana na hau adaidaita zuwa Dakata, niyyata in gaishe da Baba Gidiyon in fito.

Ya rame. Yana zaune a kujera a tsakar gida, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Da ya gan ni rabin fuskarsa ya yi murmushi. Ya ce, "Tsohuwa." Na ce lafiyarta ƙalau, Baba. Na buɗe masa hoton ranar Asabar na miƙa.

Ya karɓi wayar da hagu. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sa babban yatsa ya ja hoton gefe.

Na bayansa bidiyon da na ɗauka don kaina ne, ta gaba, da famfon Garba a kunne. Komai ya fito: farin ƙashi, gashi a miƙe waje ɗaya, yashi na tashi.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa da ba na son in sake ji. Hawaye ta ido ɗaya. Da ƙasa ta tsage da na shige. Na durƙusa na faɗa masa duka, har akwatin da na cire, har hoton Talata. Mama Rahila na tsaye da tire ba ta ajiye ba.

Bai kalle ni da fushi ba, wannan ya fi ciwo. Ya ajiye wayar, ya ɗaga hannun hagu, ya shimfiɗa tafin, ya kai shi dama a hankali, ya dawo da shi hagu. Ya sake. Ya sake.

Na ce, "In rage ƙarfi?" Ya girgiza kai. "In kashe gaba ɗaya?" Ya girgiza. "In matsar da ita gefe?" Ya bugi hannun kujera, ya ci gaba da kai hannu yana dawowa, bakinsa na neman kalmar da ta ƙi zuwa, har gumi ya karyo masa.

Mama Rahila ta ce, "Injiniya, bar shi ya huta haka." A bakin ƙofa ta ce, "Da ka faɗa mana tun farko."

Talata, 22 ga Afrilu

Na tashi aiki da wuri, kaina na sarawa. Na zauna a tsakar gida a Zawaciki ina kallon banza. Badi'a na gindin famfo tana rege shinkafa 'yar Hausa mai tsakuwa. Ba kallonta nake ba, idona ne kawai ya sauka a wajen.

Ƙwarya a hannunta, ta karkata ta nan, ruwa ya tafi, ta karkata ta can, ya dawo. Shinkafar na ɗagawa tana lilo, ƙaiƙayi na tasowa sama, tsakuwa na zama a ƙasa. Ba ƙarfi take sawa ba ko kaɗan.

Hannun Baba Gidiyon ne sak.

Na ce, "Me ya sa ba kya tura ruwan waje ɗaya ki huta?" Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake dafa tuwo. "Waje ɗaya? Ai sai shinkafar ta bi ruwa ta zube, dattin ya maƙale a gefe. Sai ya je ya dawo yake ɗaga abu."

Na miƙe tsaye har na ture buta. Famfunan nan biyu da na ce ɗaya ya lalace, wannan ya tashi wancan ya tsaya, ashe aikinsu ke nan. Karɓa-karɓa suke yi. Na buɗe bidiyon teku a waya, wanda na kalla ya fi sau ashirin ina neman ƙarfin ruwa, sai yau na ga abin da ke gabana: komai na ciki zuwa yake yana dawowa.

Ban taɓa ganin teku ba. Duk ruwan da na sani a rayuwata a bututu yake, daga nan zuwa can, kuma in ya dawo baya to wani abu ya lalace. Shekara goma sha bakwai ina sa bawul don hana ruwa dawowa.

Badi'a ta ce in na gama tsayuwa a kanta in miƙo mata buta.

Laraba, 23 ga Afrilu

Sammako na yi zuwa Bompai, wajen masu kayan na'urar sanyaya ɗaki. Ƙananan famfunan da ake jefawa cikin ruwa nake nema. Na sa mai shagon ya buɗe mini guda shida ina duba sandar da farfela ke juyawa a kai. Huɗu ƙarfe ne, na ture. Biyu na tangaran, na ɗauka. Ya ce bai taɓa ganin mai saye da fitina irina ba.

A sito na ɗauko taima, mai kunnawa da kashewa a kan lokaci, irin wadda muke sa wa injin buta. Wannan kam aikina ne, ido rufe zan haɗa. Famfo ɗaya a dama, ɗaya a hagu, suna fuskantar juna, amma ba saitin Tsohuwa ba. Na ɗaga bakinsu sama kaɗan, ruwan ya bi ta kanta ya daki gilashi ya watse. Daƙiƙa goma wannan, daƙiƙa goma wancan. Na san kunnawa da kashewa haka zai cinye su da wuri. Su kai ni mako uku kawai.

Na cire famfon Garba na wanke na mayar a kwali.

Ba abin da ya faru. A dunƙule take kamar wadda aka yi wa laifi. An yi mata kuwa.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Kai na shida ya tafi. Zafin ruwa ya sauko ashirin da shida.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Shiru. Na mayar da taima daƙiƙa takwas, na dawo da ita goma, na sake mayarwa takwas. Dole in cire hannuna daga abin nan. Na kulle kabad na ba Hajiya makullin na ce kada ta ba ni sai Litinin. Ta dube ni ta saman tabarau, ta jefa shi a durowa.

Tunda ina tsaye a gabanta, na faɗa mata maganar akwatin. Ta ce, "Na sani. Na ga ka mayar da shi ranar."

Litinin, 28 ga Afrilu

Tsohuwa ta buɗe.

Ba duka ba, kamar rabin tsawon gashin. Amma yana tafiya dama, ya ɗan tsaya, ya dawo hagu, datti na tashi daga tsakanin kawunan da kansa yana bin ruwa. Kifin lemo ɗaya ya dawo ya shige ciki yana birgima.

Talatin da biyar. Na ƙirga sau uku. Shidan nan fari za su zauna har abada, an ce ba sa dawowa.

Na ɗauki bidiyo ta gaba, da farin da komai, na tura Dakata. Mama Rahila ta turo murya: ya kalla ya fi sau goma, kuma ya ci abinci.

Laraba, 7 ga Mayu

Mai kayan Legas ya kira, kaya sun iso. Ya dage in ɗauki wani dogo guda ɗaya, sabon yayi, wai shi kaɗai zai juya tankin gaba ɗaya. Da wata ɗaya baya ne da tuni na ce a ɗauro shi.

Hajiya ta ce, "Kai za ka zaɓa, wanne?"

Na ce ƙanana biyu masu faɗin baki, waɗanda ke karɓa-karɓa da kansu, ana iya rage musu ƙarfi, kuma suna aiki da batir in wuta ta tafi. Ba sa ɗumama ruwa. In ɗaya ya mutu ɗaya na nan kafin a kawo wani. Ta ce, "Ba babban ya fi ƙarfi ba?" Na ce, "Hajiya, ƙarfi ne ya kashe shida."

Asabar, 17 ga Mayu

Sababbin sun kwana biyar suna aiki, ko ƙara babu. Na ajiye 'yan Bompai a kabad saboda tsaro.

Yau Mama Rahila ta kawo Baba Gidiyon a adaidaita. Ni da maigadi muka shigo da shi, yana jan ƙafa, sanda a hagu. Ya zauna a kujerarsa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, na goge gilashin da na riga na goge.

Ya kalli farin da farko, ya daɗe. Sannan idonsa ya bi gashin, dama, hagu, har kansa ya fara binsa. Ya ce, "Sannu, Tsohuwa." Kalma biyu a jere. Mama Rahila ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Ya yafito ni, ya nuna wani kai a sama ta dama. Na duba ban ga komai ba. Ya ƙwanƙwasa gilashi da farce. Sai na gani: bakin kan ya tsuke a tsakiya kamar ƙugu. Rabuwa yake yi, zai zama biyu.

Da za su tafi Mama Rahila ta faɗa. 'Ya'yansu sun yanke shawara, gida za su mayar da shi, Pankshin, ƙarshen mako mai zuwa. Can akwai sanyi da masu kula da shi. Ba zai dawo aiki ba. Ta ce ya sani tun mako biyu, shi ya ce sai an kawo shi tukuna.

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Duk wannan fama don ya dawo ya tarar da ita ne. Na ce, "Baba, to ni yanzu wa nake riƙe wa?"

Ya laluba aljihu da hagu ya fito da nasa makullin kabad, wanda ke ɗaure da jan zare, ya sa mini a tafi ya rufe yatsuna a kai. Ya ce, "Injiniya." Ya so ya ƙara wani abu bai fito ba, sai ya yi dariyar nan tasa da rabin baki.

Litinin, 19 ga Mayu

Hajiya ta ce tunda Baba Gidiyon ba zai dawo ba, akwai wani otal da zai karɓi kifin da murjanin, ga kafinta ma ya auna wurin kantar samfur. Wai ni me na gani?

Na ce a ɗan dakata tukuna, tunda an riga an kawo famfuna, kuma ɗaga Tsohuwa yanzu tana tsakiyar rabuwa ba dabara ba ce. Na ce ba zai taɓa aikin injina ba. Na kawo dalili ya kai biyar, ita ko ɗaya ba ta nema ba.

Ta ce, "To, mai kiwon duwatsu." Ashe tana jin mu duk shekarun nan.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ba aiki yau. Na ce wa Badi'a zan leƙa Sharaɗa in duba batir. Ta ce batirin da na duba jiya? Ta zuba mini shinkafa a kula.

Batir lafiya lau. Kan nan ya kusa rabuwa, in ya gama talatin da shida. Na ƙara tataccen ruwa, na ba kifi abinci, na ci nawa a kujerar. A bayan ƙofar kabad, ƙarƙashin maganar ƙarfe, na rubuta layi ɗaya: RUWA YA JE YA DAWO.

Mama Rahila ta kira wajen azahar, sun sauka lafiya, ana ruwan sama a can.

Na faɗa wa Tsohuwa sun isa. Ba wai magana nake yi da ita ba. Labari ne ya zo, kuma ba kowa a falon sai ita.